Kacici-kacici: Wane Ne Wannan Falke?

 Yau wasan da muka saba yi a gidan rediyo na kawo muku cikin jarida. Masu saurare sun san ƙa'idarsa: a ɓoye sunan wani sanannen mutum da ya daɗe da rasuwa, a dinga sakin alamominsa ɗaya bayan ɗaya, daga mai wuya zuwa mai sauƙi, wanda ya gane ya bugo talho ya faɗa. To, a jarida babu talho, don haka ga yadda za mu yi. Wanda ya iya karatu ya sa hannu ya rufe ƙasan shafin, ya karanta wa maƙwabtan rumfarsa alama ɗaya, ya dakata kowa ya faɗi nasa, sannan ya wuce ta gaba. Wanda aka kama yana leƙen amsa, shi ke da sayen goron yau.

Alamomi bakwai

1. Sunan da duniya ta san shi da shi bai gaje shi wurin ubansa ba, kuma ba sunan garinsu ba ne. Sunan wata tsohuwa ne wadda ba ita ta haife shi ba.

2. Yana da kamar shekara 8 ubansa ya rasu, uwarsa kuma ta tafi wata ƙasa mai nisa ta zauna can tana kasuwanci.

3. Yana saurayi aka kama shi cikin yaƙin da ba shi ya tada ba, sai da ya fanshi kansa.

4. Lokacin da fatake ke bin bayan jakuna wata da watanni don kawo goro, shi ya ɗora nasa a jirgin ruwa.

5. Turawa sun shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa suna neman auduga, shi kuwa ya sami arzikinsa daga abin da mata ke matsewa su fitar da mai su yi ƙuli-ƙuli.

6. A 1929 ya kai kuɗinsa banki a bayan raƙuma 20.

7. Sunan tattaɓa-kunnensa yana rubuce a jikin buhunan siminti da na sukari.

Wanda ya gane tun alama ta ɗaya ko ta biyu, mun sara masa, malamin tarihi ne. Wanda ya gane a ta huɗu ko ta biyar, ya zauna da tsofaffi ya saurare su. Wanda sai da ya ji raƙuma ko siminti, kada ya ji kunya, yana cikin masu yawa.

Amsa ita ce Alhaji Alhassan Ɗantata na Kano, wanda aka haifa a 1877, ya rasu a 1955.

Ku lura da inda mafi yawan mutane ke gane shi. Da an ambaci raƙuman kuɗi kowa ya ɗaga hannu, amma tsohuwa da maraici da kamun yaƙi, shiru kake ji. Mun riƙe ƙarshen labarin mun saki farkonsa, alhali ɗan kasuwar da ke fama da ɗan jarinsa yau, farkon ne zai fi yi masa amfani. Bari mu koma mu bi alamomin nan daki-daki.

Ɗan Tata

An haifi Alhassan a Bebeji, wani gari mai ganuwa kudu da birnin Kano, a bakin hanyar fatake. Ubansa, Abdullahi, madugu ne daga cikin Agalawa. Duk wanda ya san tarihin fataucin goro ya san ƙungiyoyi uku da suka riƙe shi: Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari. Masu binciken tarihi sun nuna cewa asalin Agalawa daga nan arewa ne, cikin mutanen da suka zauna tare da Abzinawa, suka gangara ƙasar Katsina da ta Kano suka zama Hausawa, suka kama fatauci. Ke nan in an bi saiwa, mu ma nan Nijar muna da ɗan rabo cikin labarin.

Uwarsa, wadda aka fi sani da Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce mai abin hannunta. Da Abdullahi ya rasu wajen 1885, ƴaƴansa duk ƙanana ne, babu wanda zai iya riƙe ayari. Amarya ta tashi ta koma Akara, can bakin teku a ƙasar da ake kira Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Yaran kuwa ta bar su a Bebeji hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, sunanta Tata.

Tata ba ta da ayari, ba ta da jaki ko ɗaya. Ita ta ci da yaron, ita ta shayar da shi, ita ta kula da shi yana zuwa makarantar allo. Abin da ya samu na gado bai daɗe ba ya ƙare, har ya zamana yana yin ƴan aikace-aikace irin na almajirai don ya sami na kansa. Masu ba da tarihinsa na cewa a hannun Tata ya koyi jefa abin da ya samu cikin asusu maimakon ya cinye. Mutanen gari suka dinga kiransa ɗan Tata, sunan ya bi shi, ya bi ƴaƴansa da jikokinsa. Yau an rubuta shi a jikin kamfanoni da manyan gine-gine da motocin aiki, kuma da wuya ka sami wanda ya san sunan baiwa yake karantawa.

Mata ƴan kasuwa, wannan alama taku ce ta fuska biyu. Wata cikinku Amarya ce, ta bar yara wurin kaka ko maƙwabciya ta bi mota neman abin da za su ci. Wata kuma Tata ce, tana riƙon ɗan da ba nata ba, babu mai yi mata godiya. Attajirin da ake cewa ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma lokacin rasuwarsa, tsakanin waɗannan mata biyu ya fito.

Tafiyar neman uwa

Yana da kamar shekara 15 ya shiga ayarin da ke zuwa Gwanja, don ya je ya ga mahaifiyarsa. Bai tafi hannu sake ba. Ya sayi ƴan kayayyaki a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, sauran ya ƙarasa da su Akara.

Matasan yau da ke kwana biyu ko uku cikin mota su isa Kumasi, ya kamata su san mece ce hanyar Gwanja a wancan zamani. Ayari na tashi da rani, jakuna da mutane ɗaruruwa, wani lokaci dubbai. Madugu ke shugabanci, jagaba na gaba. Ana ɗaukar kanwa da tufafin rini da kayan fata da busasshiyar albasa, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, ana biyan sarakuna kuɗin hanya, ana tsaron ƴan fashi, har a kai Salaga inda ake haɗuwa da goron Asante. Zuwa da dawowa kan ci wata shida, wani lokaci ya kusa shekara. Goro kuwa kaya ne mai rai: kowane ƴan kwanaki sai an kwance huhu, a tsince mai tsutsa, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Wanda ya yi sakaci ya isa gida da asara.

Da yaron ya isa Akara, yana tsammanin zai huta a gidan uwarsa mai kuɗi. Amarya ba ta bar shi ya zauna ba. Ta kai shi wurin wani malami, ya ci gaba da karatu da aikin wahala har lokacin komawa ya yi. Wasu za su ce ta yi tsanani. Amma ya dawo Bebeji ya san hanya, ya ga teku, ya ga jiragen ruwa da yadda ake sauke kaya ana lodawa. Wannan gani shi ne zai yi masa rana daga baya.

Kamun basasa

A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur daga Sakkwato. Ƴaƴan Sarki Abdullahi Maje Karofi, ƙarƙashin Yusufu, suka ƙi yarda suka fita daga birni. Wannan shi ne yaƙin da Kanawa ke kira basasa. Yusufu ya rasu a tsakiyar yaƙin, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895.

Agalawa da yawa sun goyi bayan Tukur, shi kuwa aka ci. Aka ƙwace dukiyar wasu, aka kama wasu. Alhassan da ƴan uwansa biyu na cikin waɗanda aka kama, sai da suka fanshi kansu kafin su koma Bebeji. Wato sau biyu yana komawa ƙasa kafin ya cika shekara 20: maraici ya cinye gado, yaƙi ya cinye abin da ya fara tarawa. Wanda gobarar kasuwa ta taɓa cinye wa rumfa, ko aka rufe iyaka kayansa na wancan gefe, ya san irin wannan safiya da mutum ke tashi ba shi da komai sai sunansa da sanin hanya. Da waɗannan biyun Alhassan ya sake farawa.

Goro ta ruwa

Ya koma fataucin goro daidai lokacin da hanyar kakanni ke mutuwa. Salaga ta lalace da yaƙin cikin gida a 1892. Turawan Ingila sun mamaye Asante, sun ci Kano a 1903. Goro ya fara gangarawa bakin teku maimakon ya hau arewa a kan jakuna. Fatake da yawa suka tsaya kan abin da suka gada, suna jiran zamani ya dawo.

Alhassan yana cikin ƴan arewa na farko da suka juya wa abin baya. Ya dinga tara goro daga Kumasi da kewayenta, ya kai Sekondi ko Akara, ya sa a jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan a hau da shi arewa. Lissafin mai sauƙi ne, kowace mai tebur za ta gane shi. Jarin da ke juyawa sau ɗaya a shekara, yanzu yana juyawa sau da yawa. Goron da ke isowa bayan watanni ya sha wuya, yanzu yana isowa da ɗanyensa. Daga wajen 1906 ya ƙara da duwatsun wuya da yadin Turawa, don kada ya je da kaya ya dawo wayam. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a Akara wajen 1908, ya mai da hankalinsa kan Ikko da Kano.

Gujiya ta kada auduga

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga kaya da fasinja a 1912. Burin Turawa auduga ce, don masaƙun ƙasarsu. Manoman Kano suka yi nasu lissafi. Masaƙan gida na sayen auduga da daraja fiye da Turawa. Gujiya kuwa, wadda Kanawa ke kira gyaɗa, in ba a saya ba ana ci, ga harawa ta dabbobi, ga kamfanonin Turai na neman manta ruwa a jallo don yin sabulu da man shafa wa burodi. Cikin kaka ɗaya biyu gujiya ta cika tashar Kano har jirgi ya kasa kwashewa.

Sai dai Bature na zaune kantinsa a Kano, bai san ƙauye ba, bai san wanda za a ba kuɗi ya dawo da kaya ba. Waɗanda suka san wannan su ne tsofaffin fataken goro, masu yara a kowace kasuwa. Irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo sun riga Alhassan shiga. Shi ya dawo birnin Kano da zama wajen 1914, a unguwar Sarari, kuma a 1918 kamfanin Niger Company ya neme shi ya dinga saya masa gujiya. Zuwa 1922 ana lissafa shi gaba da duk attajiran Kano.

Yaya aka yi wanda ya zo daga baya ya wuce? A duba yadda cinikin ke tafiya. Kamfani ya ba babban mai saye kuɗi tun kafin kaka. Shi ya rarraba wa yaransa, su kuma su watsu ƙauyuka, wani lokaci su ba manomi tun amfani na gona. Kuɗi na fita hannu zuwa hannu har su kai inda babu takarda babu alƙali kusa, sannan su dawo a matsayin buhuna. In mutum ɗaya cikin wannan sarƙa ya ci amana, asara ta hau kan maigida. Saboda haka ainihin jarin wannan sana'a shi ne sanin mutane: wa za a ba, nawa za a ba shi, yaushe za a ƙara masa. Mutumin da ya yi almajirci, ya bi ayari da ƙafa, ya ɗanɗani kamu, ya san fuskar mai gaskiya da ta mai ci. Yaransa da yawa sun fara da kuɗinsa suka zama masu gidan kansu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu. Da noman gujiya na sayarwa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi da Tasawa da Magarya da Matamai daga shekarun 1930, haka kamfanonin Turawa suka dinga ba mutanen gari kuɗi suna saya musu, kuma gujiyarmu mai yawa ta Kano take bi ta hau jirgi zuwa teku. Alhazan Maraɗi na farko da dama ta wannan ƙofa suka shigo.

Raƙuma da dala

A farkon shekarun 1920 Alhassan ya sauke farali, kuma ta jirgin ruwa ya tafi, lokacin da mafi yawan alhazan ƙasar Hausa ke takawa ta Chadi da Sudan, wasu su yi shekaru a hanya.

A 1929 ne labarin da kowa ya sani ya faru, inda ya kai kuɗin azurfa kayan raƙuma 20 ya ajiye a reshen Bank of British West Africa na Kano. Ana ba da labarin kamar na alfahari, amma akwai dalilin ciniki a ciki. Manomi a lokacin ya fi yarda da kuɗin ƙarfe da zai riƙe ya ji nauyinsu, ba ya son takarda. Duk mai sayen gujiya da yawa dole ya tara sulalla buhu-buhu, kuma abin da ya yi nauyi haka raƙumi ne motarsa. A wannan shekarar ce kuma Niger Company ya haɗe da wani kamfani aka sami UAC, Alhassan ya zama babban mai saya masa amfanin gona a arewa.

Dalar gyaɗa ta Kano, wadda hotonta ya zaga duniya, da sunansa ake danganta ta. Buhuna ne ake jerawa hawa-hawa suna jiran jirgi, dala ɗaya kan ɗauki har buhu 15,000. Yau babu su. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gujiya a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin Najeriya daga noma, su suka share filin. Mu ma nan wannan fari da wannan cuta sun karya cinikin gujiyarmu.

Abin da ya rage bayan maigida

Ga tambayar da ba ta cikin alamomi bakwai, kuma ita ce mai wuya. Gujiya ta tafi, dala ta tafi, me ya sa gidan bai tafi ba?

Kowa a kasuwanninmu na iya lissafa kantunan da suka mutu tare da masu su. Maigida ya rasu, kafin sadakar arba'in an fara jan mota nan, ana jan sito can. Littafin bashi yana cikin kansa, ya tafi da shi kabari. Bayan shekara biyar sai ka ga ɗansa yana dako a ƙofar rumfar da ta kasance ta ubansa. Alhassan ya san wannan ciwo da jikinsa, don abin da ya faru da ayarin Abdullahi ke nan yana ɗan shekara 8.

Da ya ji ciwon ajali a 1955, ya tara ƴaƴansa da mai kula da kuɗinsa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bar kamfanin Alhassan Dantata and Sons ya rushe. Ya rasu ran 17 ga watan Agusta 1955, aka rufe shi a gidansa na Sarari. An raba gado yadda shari'a ta tsara, kowa ya san rabonsa, amma kamfani ya ci gaba da aiki, don tun yana raye ya sa ƴaƴansa cikin ciniki sun san yaransa, yaransa sun san su. Ahmadu ya riƙe har rasuwarsa a 1960, Aminu ya karɓa. Sanusi ya yi nasa suna a cinikin gujiya, ya rasu a 1997. Aminu ya yi tsawon rai har 2025, aka rufe shi a Madina. Ƴar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ta haifi Aliko Ɗangote a 1957, wanda ya shafe sama da shekara 10 ana lissafa shi gaba da kowa a dukiya cikin Afirka. Alama ta bakwai ke nan.

Ba kowa Allah zai ba raƙuma 20 ba, kuma ba wannan muke roƙo ba. Amma abin da ke cikin alamomin farko yana hannun kowa. Mai tiya biyu ta gero na iya jefa dala biyar cikin asusu. Mai kanti na iya sa a rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa tun yana da lafiya, ya zaunar da ɗansa ko ƴarsa kusa da sikeli. Wanda kuma wata Tata ta riƙe shi yana ƙarami, in tana raye ya je ya gaishe ta da abin hannu, in ta rasu ya yi mata addu'a.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhassan, ya jiƙan Amarya da Tata, ya sa albarka cikin kasuwarmu. Wanda ya leƙa amsa kada ya manta da goron jama'a. Sai mun haɗu a kacici-kacici na gaba, in Allah ya kai mu.